Ƙusoshin babur ɗin ƙanƙara: gyara kan abin da kuka buga

Malam Edita, assalamu alaikum.

A shafinku na kanikanci kun nuna babur ɗin ƙanƙara, wanda ke tafiya kan faffaɗan bel na roba maimakon taya, kuka ce ƙusoshin da ake dasa masa a bel don ya kama ƙanƙara "ɗaurawa kawai ake yi". A yi mini afuwa, maganar ba haka take ba. Tunda samarinmu na nan Saudiyya sun fara sha'awarsa saboda dusar ƙanƙarar da ke sauka a dutsen Jabal Lauz, wajen Tabuka, gara a faɗi aikin daidai.

Abu uku ke haɗuwa: ƙusa mai faɗin kai da tsinin kabaid (wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri), faranti na alminiyom ko roba mai tauri, sai noti mai makulli. Ta cikin bel ake turo ƙusar, farantin ya zauna ta waje, noti ya danne shi. Kafin a sayi komai a auna tsayin haƙorin bel, wato tudun robar da ke jere a bayansa. Tsinin kada ya zarce haƙorin da fiye da milimita 9 ko 10. In ya fi haka, ƙusa tana lanƙwashewa ta yage robar, ko ta riƙa kartar rufin da ke saman bel. A nan ɓarnar take, domin yawancin injinan masu sanyaya da ruwa lagiretonsu a cikin wannan rufin yake. Ƙusa ɗaya ta huda shi, ruwa ya tsiyaye, inji ya ƙone a tsakiyar daji. Shi ya sa ake fara ɗaura ƙarafan kariya a rufin kafin a huda rami ko ɗaya.

Lissafin adadi ba wuya. Bel mai tsawon inci 121, mai tazarar inci 2.52 tsakanin haƙora, yana da gurbi 48. Biyu a kowane gurbi ƙusa 96 ke nan, uku 144, huɗu 192. Ƙaramin inji 96 sun ishe shi. Wanda ya yi rowa ya sa kaɗan a babban inji, nauyin duka kan 'yan ƙusoshin zai sauka, su tsinke ɗaya bayan ɗaya.

A ɗaga bayan babur da jak, a cire ƙaramin bel ɗin da ke jikin inji don a iya juya babban na ƙasa da hannu. A yi alama da kwalin awo mai nuna inda za a huda, a karkasa ramukan yadda kowace ƙusa za ta ja layinta daban a kan ƙanƙara. In duk sun bi sahu ɗaya, ta baya cikin ramin ta gaba take faɗawa, ba abin da ta kama. A tsaya a tsakiyar bel. Gefuna biyu na waje su suka fi yagewa a kwana, ni dai ban ga ribar taɓa su ba. A kauce wa sandunan da ke binne cikin robar da kuma layin da dogayen ƙarafan ƙasa ke gogawa. Bakin na'urar huda bel ma nasa daban ne, mai rami a ciki kamar bututu, yana yanke robar tsaf. Bakin huda ƙarfe tsittsinka zaren bel yake yi, daga nan yagewa ke farawa.

Wajen ɗauri, a ja noti har kan ƙusar ya nutse daidai da fuskar robar ta ciki. In ya yi tudu zai ci ƙananan tayoyin da bel ke bi. In aka matse fiye da kima, ya yanka robar. Bayan fitar farko a sake bin kowane noti da sifana, a duba ƙarfin jan bel, don sakwarkwataccen bel shi ke watsa ƙusa sama. Kuma kada kowa ya tsaya a baya ana juya bel da inji, ƙusar da ta kuɓuce kamar harsashi take fita.

Abin da mutane ke mantawa shi ne gaban babur. Baya ya samu kamu, sai ya riƙa tura babur miƙe ko an murɗa kai. Dole a ƙara tsawon kabaid ɗin da ke ƙarƙashin takalman gaba, wato silalen nan biyu da ake juya babur da su, ya dace da yawan ƙusoshin.

Ga wanda ke Tabuka kuwa, shawarata ya riƙe kuɗinsa. Don daskararren tafki da hanyar da dusa ta danƙare aka yi ƙusar nan, irin na Kanada da Finlan. Dusar Jabal Lauz ba kauri gare ta ba, ba ta daɗewa, dutse ne a ƙarƙashinta, kuma dutse karya tsinin kabaid yake yi. A rairayi ma ƙusa ba ta da abin kamawa, ga lagireton da ya dogara da dusar da bel ke watsa masa zai rasa mai sanyaya shi.

Naku,
Wani bakanike mai karanta ku daga Jidda