Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da sifilita da maɗauranta

Zuwa ga Manajan kamfani da sashen kula da masu saye,

Bayan gaisuwa. Na kawo wannan magana bainar jama'a ne saboda amsar da kuka ba ni ta nuna mini cewa matsalar ba ni kaɗai ta shafa ba. Ban kama sunanku ba, domin har yanzu ina sa ran za ku gyara. Kun dai san kanku, kuma lambar odata da hotunan duka suna cikin saƙonnin da na aiko muku.

Abin da na saya a wurinku cikakken seti ne na gaban mota. Akwai sifilita, wato allon nan da ake ɗaurawa a ƙasan bamba ya ɗan turo gaba don ya danne goshin mota a ƙasa idan ana sheƙa gudu. Akwai biraket huɗu na alminiyum, wato maɗauran da ke riƙe allon a jikin mota, da sanduna biyu masu riƙe bakin allon, da ƙananan fikafikai na gefen bamba, da ƙunshin notuna. A tallarku kun ce don filin tsere aka ƙera shi, hotunan da kuka sa ma duk na motoci ne suna sharar kwana a fili. Da wannan kuka ja hankalina, domin motata ba ta da wani aiki sai shiga fili.

Bakanikena ya ɗaura komai yadda takardarku ta ce, bai ƙara ba bai rage ba, kuma mun ɗauki hoton kowane mataki kafin a sauke motar daga jak. A miƙaƙƙiyar hanyar da ta fi tsawo a filin, gudu ya doshi kilomita 190 a awa, sai na ji sitiyari yana karkarwa a hannuna, sannan wata ƙara ta taso daga ƙasa. Kafin in kai ga kwana gaban motar ya yi sako-sako, ina juya sitiyari tana neman wucewa gaba. Allah ya kiyaye, na samu na rage gudu. Masu kula da fili suka ɗaga mini baƙar tuta mai ɗigon ruwan lemo a tsakiya, wadda duk mai shiga fili ya san ma'anarta: motarka ta samu matsala, fito.

Da muka leƙa ƙasa, biraket biyu na tsakiya sun tsage daidai gefen walda, kamar an ja layi. Idan ka dubi wurin karayar da kyau, rabinsa ya yi duhu ya dusashe, sauran rabin kuma yana ƙyalli. Kowane mai walda zai gaya muku abin da wannan ke nufi. Tsagar ta fara tun da wuri tana ci a hankali, wurin da ke ƙyallin nan shi ne ɗan abin da ya rage yana riƙe da allon har ya ba da kai. Sandunan gaba kuwa ba su karye ba. Robar bamba ce ta yage, ƙaramar washar da kuka bayar ta fito ta cikin ramin da notinta a ɗaure tam, da ɗan guntun roba maƙale a jikinta.

Na aiko muku da wannan duka. Amsarku ita ce garantinku bai shafi kayan da aka shiga filin tsere da su ba. Na sake karantawa don in tabbatar ban yi muku mummunar fahimta ba. Kun sayar da kaya da sunan filin tsere, kun karɓi kuɗi da sunan filin tsere, da kayan suka gaza kuma sai shiga filin ya zama laifin mai saye. To ina kuke so a kai su? Wannan wasa da hankali ne, kuma shi ya fi ƙona mini rai fiye da asarar allon da bambar.

Bari in yi muku lissafin da ya kamata a ce ku ne kuka yi wa masu saye. Ƙarfin da iska ke yi a jikin mota ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin iska sau huɗu yake ninkawa. A gudun kilomita 100 a awa, iskar da ta bugi abu ta tsaya tana danna shi da abin da ya kai kilo 48 a kowace murabba'in mita. A kilomita 200 ya zama kusan kilo 193. Sifilita kuwa ta fuska biyu take ɗaukar kaya. A sama, iskar da ta taru a gaban bamba tana danna bakin allon. A ƙasa, iskar da ke wucewa da sauri tsakanin allo da kwalta tana tsotso shi, kuma wannan tsotson yana aiki ne a faɗin allon har can baya wajen tayoyin gaba. Ko da rabin wancan matsin ne ya yi aiki a kan murabba'in mita ɗaya, ana maganar kusan kilo 100, kuma ba a kwance nauyin yake ba, yana hawa yana sauka da kowane tudu da kowane taka birki. Shi ya sa masu haɗa motocin fili suke da gwajinsu mai sauƙi: idan babban mutum ba zai iya taka bakin allon ya tsaya a kai ba, ɗaurin bai yi ba. A takardarku babu lamba ko ɗaya da ta faɗi nauyin da maɗauran za su iya ɗauka, ko iyakar gudun da aka gwada su a kai. Launin fenti kam kun ba mu zaɓi iri-iri.

Babban kuskuren yana wurin da kuka ce a ɗaura. Sifilitar da za ta yi aiki a shasi ake kafa ta, a jikin dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da inji, ko a ƙarfen da ke kwance a bayan bamba. Murfin bamba roba ne, 'yan maƙalai da ƙananan sukurori ke riƙe da shi, aikinsa ya rufe gaban mota ya kuma ba iska hanya. Takardarku ta ce a huda wannan robar a ɗaura sandunan a jikinta. Da roba ta ɗauki zafin inji da na rana sai ta yi laushi, bakin allo ya sunkuya. Sunkuyawar kuma ƙara masa kamun iska take yi, sai nauyi ya ƙaru, ya ƙara sunkuyawa, har ya taɓa kwalta. Daga nan duk kayan ya koma kan biraketocin baya, su kuma ba a yi su don su ɗauka su kaɗai ba.

Su biraketocin ma akwai magana. Kun yi alfahari da cewa alminiyum 6061-T6 ne. Gaskiya ne yana da ƙarfi, amma ƙarfinsa daga gashin da aka yi masa a masana'anta ya samo shi, kuma zafin walda yana warware wannan gashin a kewayen ɗinkin. Ƙarfin wurin yana faɗuwa sosai idan ba a sake gasa shi bayan walda ba. Ga shi kuma alminiyum ba ya jure girgiza ta har abada yadda baƙin ƙarfe mai kyau ke yi idan ba a yi masa lodi ba. Ku kuwa kun sa ɗinkin walda daidai kusurwar da nauyi ya fi taruwa, ba tare da ko ɗan tokari ba. Kyan ɗan maciji ke nan, ga sheƙi a ido ga hatsari a ciki. Da kun yi su da baƙin ƙarfe, ko kun lanƙwasa falle ɗaya ba walda, da ɗan nauyin da za a ƙara bai kai a yi magana ba.

Notunan da ke cikin ƙunshin babu lamba a kansu. Noti na kirki yana ɗauke da shaidarsa a ka, 8.8 ko 10.9, kuma M8, wato noti mai kaurin milimita 8, mai lamba 8.8 sai an ja shi da kusan tan 3 kafin ya tsinke. Wanda babu lamba, sai dai a yi ta addu'a. Ba ku sa macen noti mai roba a ciki wadda girgiza ba ta kwance ta ba, washa kuma ƙanana ne, alhali abin da ake so a jikin allo shi ne mai faɗi da za ta raba nauyi. Kan notunan ƙasa ma a waje suke, su ne farkon abin da kwalta za ta ci.

Wani abin da kuka yi shiru a kai shi ne zaɓi tsakanin sanda da igiyar ƙarfe. Kowanne da amfaninsa. Sanda tana hana bakin allo motsi sama da ƙasa, amma idan ka hau dakalin gefen kwana, dukan kai tsaye yake wucewa zuwa inda aka ɗaura ta. Igiya tana riƙe allo kada ya sunkuya, idan kuma aka buge shi daga ƙasa sai ta saki ya ɗaga ya dawo. Mai saye yana da haƙƙin a bayyana masa wannan ya zaɓa gwargwadon filin da yake shiga. Haka nan ba ku ce uffan ba game da toshe ratar da ke tsakanin bamba da allo, alhali idan iska tana zurarewa ta nan, an yi asarar dannawar, lagireto ma ba ya samun rabonsa.

Sai maganar daidaito, wadda ita ce ta fi kusa da rai. Idan aka ƙara wa gaba dannawa aka bar baya haka nan, mota za ta riƙa kama kwana da kyau a ƙaramin gudu, amma a kwana mai sauri bayanta ne zai fara sulɓewa. Idan fiffiken baya ya fi ƙarfi, sai gaba ya ƙi juyawa. Mai sayar da sifilita da fikafikan gefe ya kamata ya tambayi mai saye abin da ke bayan motarsa, da tsayinta daga ƙasa, da taurin sifirin ɗinta, domin duk lokacin da aka taka birki goshin mota yana nutsewa, tazarar allo da kwalta tana canjawa, dannawar ma tana canjawa. Ku lambar katin banki kawai kuka tambaya.

Kada ku ce ina kambama abu. Wannan sana'a ta riga ta ga abin da karyewar irin waɗannan kaya ke jawowa. A gasar tseren motoci ta Formula 1 da aka yi a Sifaniya a 1969, a filin Montjuïc da ke Barcelona, dogayen fikafikan baya na motocin kamfanin Lotus biyu, ta Graham Hill da ta Jochen Rindt, sun karye a wuri ɗaya, duka biyun suka yi hatsari, kuma mako biyu bayan nan aka haramta irin waɗannan fikafikai a Monako. Ranar 30 ga Afrilu 1994 a Imola ta ƙasar Italiya, fiffiken gaban motar Roland Ratzenberger ya ɓalle yana gudun da ya haura kilomita 300 a awa, motar ta ƙi juyawa ta daki bango, ya rasu. Su waɗannan direbobi, injiniyoyi ne ke duba musu mota kowane lokaci. Mu da muke saye a wurinku, takardarku ce injiniyanmu. Kuma hatsarin bai tsaya kan mai motar ba. A Hangari a 2009, sifirin da bai kai kilo ɗaya ba ya faɗo daga motar da ke gaba ya bugi hular kwanon Felipe Massa ya fasa masa ƙoƙon kai. A ranar da nawa ya tsage akwai mota a bayana, kuma allona ya ninka wancan sifirin nauyi sau da yawa.

Ina neman ku mayar mini da kuɗin setin gaba ɗaya, ku kuma biya kuɗin murfin bambar da ɗaurinku ya yaga. Biraketocin da suka karye suna nan na adana su, zan aiko muku idan kuka ɗauki nauyin aikawa, da sharaɗin a ba ni sakamakon binciken a rubuce. Ina neman ku buga nauyin da maɗauran ke ɗauka da gudun da kuka gwada su a kai, idan kuwa ba ku taɓa gwadawa ba, ku faɗa a fili. Ku sake rubuta takardar ɗauri ta koma kan shasi, ku sa notuna masu lamba da washa masu faɗi. Sannan ku zaɓi ɗaya: ko ku cire maganar filin tsere daga tallarku ku sayar da shi a matsayin kayan ado, ko ku cire sharaɗin nan daga garantinku.

Abin da ba zai jira ba shi ne waɗanda suka riga suka saya. Kuna da adireshinsu. Ku aika musu saƙo yau su duba gefen waldar biraketocinsu, su kuma kwance sandunan daga jikin roba kafin su sake shiga fili. Na riga na nuna wa masu binciken motoci na filin da nake zuwa ɓaraguzan, domin su san abin da za su duba idan wata mota ta zo da irin wannan seti.

Ina jiran amsarku a rubuce cikin kwana 14. Idan ba ta zo ba, zan kai ƙara ga hukumar kare haƙƙin masu saye, tare da rasit da hotuna da kwafin tallarku.

Naku,
Wani mai sayen kayanku