Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu na Shekarar 2023

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗaliban injiniya da ke karatu a nan Turkiyya, na Najeriya da na Nijar. Ga rahoton bana a taƙaice.

Kowa ya san duk tsarin da muka yi a farkon shekara girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu ce ta wargaza shi. Ta farko mai ƙarfin 7.8 ta afka wa yankin Pazarcik a kudancin Turkiyya da ƙarfe 4:17 na asuba mutane na barci, bayan kamar awa tara ta biyu mai 7.5 ta biyo a Elbistan, sama da mutum 50,000 suka rasu a ƙasar nan kaɗai ban da Siriya. Allah ya jiƙan musulmi. Makonnin farko ba maganar karatu, neman namu muka yi ta yi a waya da tara barguna da kayan sanyi.

Da hankali ya ɗan kwanta sai muka koma zaman bita na ƙarshen mako, kuma gaskiya nan ne aikin bana yake. Hukumar AFAD, mai kula da bala'o'i da agajin gaggawa a Turkiyya, tana da ɗaruruwan na'urori a dashe a ƙasa masu rubuta yadda ƙasa ta motsa, gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa, kuma bayanan a buɗe suke, muka sauke muka dinga zana su a kwamfuta. Na birnin Antakya ya fi ɗaga mana hankali, wasu tashoshin sun nuna jijjigar da ta wuce wadda dokar gini ta 2018 ta tanadar wa gidajen zama, ga ƙasar bakin kogin Asi mai laushi tana ƙara mata ƙarfi. Amma fa kar a ɗora wa ƙasa laifin duka. A hotunan da muka duba, bene ne an mai da ƙasansa shaguna babu bango, rodi santsi, zoben ƙarfen da ke ɗaure rodin fila tazara kamar ana rowarsa, dakin, wato rufin kankare, ya zauna kan dakin.

Sai asibitin birnin Adana, wanda aka ɗora shi kan na'urorin da ke raba gini da motsin ƙasa, ya ci gaba da karɓar marasa lafiya. Wasu sun ce ai Adana da nisa da tsakiyar girgizar, maganarsu kuma tana kan hanya, muhawarar ba ta ƙare ba.

Ziyarar jami'o'i bana ba ta yiwu ba. Baɗi in sha Allahu za mu haɗa ƙaramar na'urar auna jijjiga mu maƙala a benen ɗakin kwanan ɗalibai in an ba mu izini. Masu bashin kuɗin wata don Allah a tuntuɓi ma'aji, da shi za a sayi kayan.

Sakatare