Na'urar wasanmu ta faɗi daga hannuna

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya baƙunta? Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Dalilin wannan takarda wani abu ne da ya faru shekaranjiya, wanda har yanzu hankalina bai kwanta a kansa ba, kuma sai da hannunka zai warware.

Ka tuna Switch ɗin nan, na'urar wasa ta kamfanin Nintendo, da muke raba dare a kanta kafin ka tafi? To, ta faɗi. Ina saukowa daga bene riƙe da ita a hannu ɗaya, waya ta yi ƙara a aljihu, garin in ciro sai na'urar ta suɓuce. Ta bugi matakala da kusurwa, ta wuntsila ta sake bugun ta ƙasa, sannan ta kife a kan siminti. Abin riƙo na dama ya fice ya yi gefe. Na tsaya cak, gabana sai faɗuwa yake, na daɗe ban iya sunkuyawa na juyo fuskarta ba.

Da na ɗauka, allon bai fashe ba, amma baƙi ƙirin yake. Na taɓa nan, na taɓa can, shiru. Sai na danne maɓallin kunnawa na ƙirga har 20, na saki, na sake dannawa sau ɗaya, can sai ga haske. Wallahi zama na yi a kan matakalar nan na sauke ajiyar zuciya. Amma ba ta tsira lafiya lau ba. Kusurwar ƙasa ta lotse, murfin baya ya ɗan yi baki har farce yana shiga, kuma idan na karkata ta a hankali ina jin wani ɗan abu yana yawo a ciki kamar ƙwayar tsakuwa. Katin microSD ma da farko ta ƙi ganinsa, sai da na kashe ta, na cire shi na mayar.

Allo da abin riƙo ba su dame ni ba, ana canza su. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da ke ajiye a ciki.

Daren nan na zauna na yi ta bibiyar yadda abin yake, kuma na fara samun abin da ya ɗan sanyaya min rai. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna ajiya ne a kan faifai mai juyawa, sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana shawagi dab da shi. Irin wannan in ya faɗi yana cikin aiki, allurar takan karci faifan, bayanai su salwanta nan take. Ita kuwa tamu ƙwaƙwalwarta mai gigabait 32 ba ta da abin da ke motsi ko ɗaya, irin ta wayar hannu ce, bugu ba ya goge abin da ke cikinta. Amma ɓarnar tana biyowa ta wata hanya. Dalmar da ta riƙe ƙananan sassa a jikin fanel, wato farantin da ke ɗauke da sassan lantarkin na'urar, tana iya tsagewa tsagewar da ido ba ya gani, ko wani maƙale ya saki rabi. Sai na'ura ta yi aiki yau, ta yi gobe, ranar da ta ɗauki zafi ta mutu gaba ɗaya. In kuwa fanel ya mutu, ciro ƙwaƙwalwar a sa a wata na'ura ba ya amfani, domin bayanan a kulle suke da makullin da ya keɓanta ga wannan na'urar kaɗai.

Ni da a zatona ajiyar wasanninmu tana kan katin microSD, in wani abu ya faru sai kawai in zare shi in sa a sabuwa. Ashe ba haka ba ne. Katin yana ɗaukar wasannin da aka sauke daga intanet da hotuna da bidiyon da muka ɗauka, amma inda mutum ya tsaya a wasa a cikin na'urar yake zaune. Wasa ana sake sauke shi ko yaushe. Wata da watannin da muka zuba fa?

Nawa ɓangaren da sauƙi. Tun 2018 akwai tsarin da mai biyan kuɗin rajista yake samun kwafin ajiyarsa a intanet, kuma ina ciki. Na bi wasannin ɗaya bayan ɗaya ina duba kwanan watan da kowanne ya hau, na tura waɗanda suka yi jinkiri. Ka sani dai ba kowane wasa ne yake shiga wannan tsari ba, kuma in rajista ta ƙare kwana 180 ake ba mutum ya sabunta kafin ya rasa kwafin.

Sai na zo kan sunanka. Yana nan da ɗan hoton da ka zaɓa, ban taɓa shi ba tun ranar da ka tafi. Na shiga na tarar da gonar nan taka yadda ka bar ta, da gadar da muka yi dare uku muna gardama a kan inda za a sa ta. Sunan naka ba a haɗe yake da wani asusu ba, wato babu kwafinsa ko'ina a duniya sai cikin wannan na'ura mai tsakuwa a ciki. Na san za ka ce wasa ne kawai. Amma tun da ka yi nisa, duk ranar da na yi kewarka nan nake leƙawa.

Ga abin da nake roƙo. Ka buɗe asusun Nintendo in ba ka da shi, zan sa ka a rajistar iyali, wadda take ɗaukar asusu har 8. Ba sai ka turo min kalmar sirrinka ba. Mu tsayar da lokaci a waya, na'urar za ta nuna alamar da za ka shiga da ita ta wayarka, ka karanto min lambar da ta ba ka, shi ke nan sai in tura taka ajiyar intanet. Don Allah kada ya wuce wannan mako.

Kafin nan ba zan kai ta gyara ba, domin in aka canza fanel ko aka mayar da ita sabuwa, komai ya tafi. Ba na wasa da ita kuma, ba na girgiza ta. Batirin shi ne ɗaya abin da nake sa wa ido, don batirin litiyam in ya lotse daga ciki yana iya kumbura, har ya kama da wuta. Safe da yamma ina kwantar da ita a kan tebur in duba ko bayanta ya tasa, in shinshina ko akwai wani baƙon wari, kuma ba na barin ta a caji in kwanta.

Jiya na tuna labarin wata Game Boy, tsohuwar na'urar wasa ta hannu, da ta ƙone a yaƙin Tekun Fasha na 1991, jikinta duk ya narke amma tana kunnuwa, har aka daɗe ana nuna ta a birnin New York. Ya ɗan ƙarfafa min gwiwa, ko da yake na san tamu tana da fanka da batirin litiyam da siraran wayoyi da waccan ba ta da su.

Ka sanar da ni ranar da kake da sarari, ko da tsakar dare ne a nan zan jira ka. Ka gaida maiɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka