Zuwa ga ɗiyata a jami'a, kan maganar abinci

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa, da fatan karatu na tafiya yadda ake so. Maganar cin abincinki ce ta sa na ɗauki biro.

Gobe in za ki aji, ki dubi abin da ke jere a bakin hanyarki: soye-soye, biskit, da lemo mai sanyi a firiji mai ƙofar gilashi, an ajiye shi daidai inda ido zai faɗa. Masu shagunan sun san aikinsu. Sun san ɗalibar da ke da minti goma tsakanin lacca da lacca ba ta tsayawa zaɓe, abin da hannunta ya kai shi za ta ɗauka. Inda ake dafa abincin kirki kuwa, ko ya yi nisa, ko layi ya yi tsawo, ko an rufe kafin ki fito daga laburare. Don haka ban ce kwaɗayi ne da ke ba. Wurin ne yake zaɓar miki ba tare da kin ankara ba.

Ga lissafin da nake so ki riƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato kamar giram 50 ga babba. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 kan ɗauki kusan giram 35. Kika sha biyu, kin zarce. Kayan lambu da 'ya'yan itace kuma, giram 400 take so a ci kullum, ga shi su ne ba a jerawa a bakin hanya.

Dare ya fi damuna, musamman lokacin jarrabawa. Ƙarancin barci na ƙara yunwa, yana jan rai ga zaƙi da maiƙo, kuma a lokacin masu irin wannan kayan kaɗai ne a buɗe.

Ba za ki iya canja makarantar ba, amma ɗakinki da jakarki naki ne. Ki karya kafin ki fita. Gorar ruwa a jaka, 'ya'yan itace a kan tebur inda za ki gan su. Ranar da lacca ta cinye tsakar rana, ki tafi da abincinki. In an yarda a yi girki a ɗakin kwana, ki nemi ƙawa mai son girki ku haɗa tukunya, don yadda abokan zama ke ci haka mutum kan ci.

Ki turo min jadawalin laccarki mu duba tare. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki