Lasisin Manhaja Ya Maƙale A Tsohuwar Kwamfutata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai zanen gidaje ne a Aboabo, Kumasi. Ina fitar da hoton gida a kwamfuta tamkar an riga an gina shi, har da inuwar baranda da launin tayil, don mai gini ya gani kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya.

Da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, sai na je unguwar kasuwanci ta Adum na sayo sabuwar kwamfuta, na ba ƙanena tsohuwar. A daren nan ya goge komai. Ashe lasisin manhajar da nake aiki da ita ɗaure yake da lambar jikin tsohuwar na'urar, sai an kwance shi daga can kafin sabuwar ta karɓa. Kwana shida ina aika wa kamfanin saƙo, Alhajin da na yi wa zane yana kirana safe da yamma, magina na zaune. Da ƙyar suka sake mini shi, bayan na tono rasidin biya.

Ban gama numfasawa ba sai ga wata. Ashe manhajar tana aiki ne da wata fasaha mai suna CUDA, wadda katin hoto (sashen da ke sarrafa hoto a kwamfuta) na kamfanin NVIDIA kaɗai ke ɗauka, sabuwar kuwa babu shi a ciki. Hoton minti ashirin ya koma cin awa uku, fanka na ta kuka.

Don Allah masu sayar da kwamfuta, ku riƙa tambayar mai saye aikin da zai yi da ita. Ni dai yanzu adashe na shiga don kuɗin katin.

Mai karatunku,
daga Aboabo, Kumasi