Amsa ga mai tambaya: wai 'yan zamani ne suka kawo barkwancin batsa?

Assalamu alaikum Malam. Ka tambaye ni a gaban jama'a wai ba waya da soshiyal midiya ne suka haifo barkwancin batsa ba, tunda mutanen zamanin da ba su san shi ba. Gaskiya ba haka bane, abin ya girmi kakan kakanninmu.

Ɗaya daga cikin barkwanci mafi tsufa da aka samu a rubuce na Sumeriyawa ne, mutanen tsohuwar ƙasar Iraƙi, wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a kan me? Amarya da tusa a cinyar mijinta. A Girka, shekara 411 kafin miladiyya, marubuci Aristophanes ya yi wasan kwaikwayon da mata suka ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu sai an daina yaƙi, kuma a bikin gari aka yi shi, ba a ɓoye ba. Mawaƙi Abu Nuwas na Bagadaza kuwa kai ma ka san bakinsa ba linzami.

Abin da ke canzawa shi ne dalilin jin haushin. A 1818 Thomas Bowdler ya fitar da wasannin Shakespeare bayan ya kankare duk inda ya ga da kunya, a 1873 Amurka ta yi dokar Comstock ta hana tura kayan batsa ta gidan waya. Lokacin kalmar ce laifin. Dubi Lenny Bruce, ɗan barkwancin Amurka, a 1964 jami'ai suka shiga kulob a New York suna zaune cikin 'yan kallo suna rubuta ashar ɗin da yake yi, aka kai shi kotu aka yanke masa wata 4, ya mutu a 1966 ana cikin ɗaukaka ƙara, sai 2003 gwamnan jihar ya yi masa afuwa, afuwa ga gawa fa.

Daga baya sai tambayar ta koma wa ake wa dariya. Benny Hill, ɗan barkwancin talabijin a Ingila, ba ya ashar, amma shirinsa na guje-guje da 'yan mata rabin tsirara ya sha suka cewa wulaƙanta mata yake, masu kallo ma suka ragu, a 1989 aka dakatar da shi. Ni dai wannan ma'aunin ya fi kwanta min, don akwai wanda bakinsa tsaf amma duk raharsa cin mutuncin mata ce.

Inda kake da gaskiya Malam, a da sai ka je inda ake yi kafin ka ji, yanzu kuwa bidiyon da aka yi don manya shi ne zai faɗo wa yaro ɗan shekara 10 a wayar uwarsa. Wassalam.