Barka da Sallah daga Tsibirin Rodos

Rodos, ƙasar Girka
Kashegarin Babbar Sallah

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kun yi Sallah lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. A gaishe mini da Hajiya Kaka, a ce mata angon nata yana nan bai sake ta ba, goron Sallarta kuma yana hannun Yaya Lawal. Na ga hoton ragon, masha Allah, ya yi kyau. Allah Ya saka wa Yaya da ya sha zirga-zirgar kasuwa.

Inna, ran nan a waya kuka ce tun da kuka ga hotunan da nake turowa hankalinku ya kwanta, ɗanku yana bakin teku yana shan iska. Ban so in katse muku jin daɗi ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto. Hutu kam akwai shi a tsibirin nan, har ya yi yawa, amma na baƙi ne. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba jirage ba sa daina sauka, daga Ingila, daga Jamus, daga ƙasashen can arewa masu sanyi. Mu kuma muna kicin ɗin otal tun kafin gari ya waye, ana fasa ƙwai, ana yanka tumatir da kankana, ana wanke faranti har hannu ya yi fari. A wata shida ko bakwai ɗin nan ake neman abin da za a ci shekara, domin da Nuwamba ta kama yawancin otal-otal sai su garƙame ƙofa. Abin da ya hana ni zuwa Sallah ke nan, ba wai na manta da gida ba.

Da za ku ga irin hutun nasu, da kun riƙe baki. Mutum zai biya kuɗin jirgi, ya biya kuɗin ɗaki, sannan ya sake biyan hayar gadon roba da laima a kan rairayi, ya shafe jikinsa da mai, ya ture laimar gefe ya kwanta a rana. Haka zai yini, in zafi ya ishe shi ya faɗa ruwa, ya fito ya sake kwanciya, har fatarsa ta yi jajur ta fara saɓulewa. Ni dai ban ga laifinsu ba. Wanda ya yi wata biyar yana fita aiki da duhu yana dawowa da duhu, in ya samu rana dole ya rungume ta.

Jiya dai an ba ni yini guda, na kuma more shi. Mun yi Idi a masallacin Ibrahim Pasha da ke cikin tsohon gari, wanda aka gina tun 1540. Baba, za ku yi mamaki, akwai Musulmi 'yan asalin tsibirin, jikokin waɗanda suka zauna tun zamanin Turkawa, ga kuma mu 'yan ci-rani: Misirawa, 'yan Pakistan, 'yan Bangaladash, da mu baƙaƙe ƙalilan. Masallacin ya cika har waje. Da na tuna yadda muka riƙa yin Juma'a a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa lokacin da nake Atina, babban birnin Girka, inda sai a 2020 aka buɗe masallacin da hukuma ta gina, sai na ƙara gode wa Allah. Layya ce dai babu, a nan ba a kayar da dabba a ƙofar gida. Wani dattijo ya raba mana alewa a bakin masallaci, muka yi musabaha, kowa ya kama gabansa.

Tsohon garin kansa abin kallo ne. Ganuwar dutse ce ta kewaye shi, tsawonta kusan kilomita 4, tana nan daram. Wasu mayaƙan Kirista da ake kira Jaruman Waliyyi Yohanna ne suka riƙe tsibirin daga 1309, har Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkawa ya zo a 1522 ya yi musu ƙawanya wata shida, suka miƙa wuya suka tafi, daga baya suka zauna a Malta. Italiya ta ƙwace wurin a 1912, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, aka damƙa shi ga Girka. Shi ya sa a lungu ɗaya za a ga hasumiyar masallaci, ga coci, ga ginin Italiyawa, ga mai sayar da askirim a tsakaninsu. A bakin tashar jiragen ruwa ta Mandraki kuwa kullum akwai masu ɗaukar hoton abin da babu shi. Wani ƙaton gunkin tagulla ne na abin bautarsu na rana, tsayinsa ya haura mita 30, girgizar ƙasa ta kayar da shi a shekara ta 226 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ko ƙusarsa ba ta rage ba. Barewa biyu na tagulla ne a kan ginshiƙai a mashigar tashar, amma kantuna cike suke da hotonsa a jikin riguna da kofuna, ana ta ciniki.

Bayan azahar wani abokin aikina Bamisire ya aro mota, muka bi gaɓar yamma zuwa Kamiros. Kowa in ya zo, garin Lindos yake nufa, inda wani tsohon ɗakin bautar gumaka yake kan tsauni mai tsayin mita 116, ga fararen gidaje a ƙasa, ga jakuna suna hawa da mutane. Wurin yana da kyau, amma a wannan lokaci turereniya da zafi ba sa barin mutum ya ga komai. Kamiros kuwa shiru, sai kukan gyare a cikin itatuwa. Kufai ne na gari guda sukutum, ɗaya daga cikin garuruwa uku, da Lindos da Iyalisos, da suka haɗa kai suka kafa birnin Rodos a shekara ta 408 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rufi duk ya tafi, amma bangaye suna nan iya ƙugu. Ga titi ya miƙe daga dandalin kasuwa har saman tudu, gidaje hagu da dama. Na shiga wani gida ta ƙofarsa, na tsaya a tsakar gidan, na ga dokin ƙofa na dutse ya lotsa saboda takun ƙafa. Mutanen manoma ne, zaitun da inabi da ɓaure, har ganyen ɓaure suka buga a jikin kuɗinsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Baba, shi ne ruwansu. A can saman tudun suka haƙa wata matattarar ruwa mai faɗi, suka shafe ta da wani irin farin yaɓe don kada ta yi yoyo, da matakala ta sauka ciki. Tana ɗaukar lita 600,000, an ƙiyasta za ta ishi gidaje 400, kuma an yi ta fiye da shekara 2,500 da suka wuce. Da yake a sama take, ruwan da kansa yake gangarowa ta bututun yumɓu, ba inji, ba mai turawa. Na daɗe a bakinta ina tuna Auta da layin jarkoki a bohol ɗin unguwarmu. Baƙi suna wucewa ta gefenta suna neman ginshiƙan da za su yi hoto, a ganina kuwa ita ce ta fi komai nuna hankalin mutanen.

Daga nan muka ƙara gaba zuwa Monolitos don faɗuwar rana. Wani dutse ne tilo da ya miƙe a bakin teku, da kangon sansanin mayaƙan nan a kansa da wani ɗan farin coci. A gaɓar yamma iskar bazara da suke kira meltemi ba ta wasa, sai da na cusa hulata a aljihu. Mutane sun zazzauna a kan bango, ba mai magana da ƙarfi. Rana ba ta faɗuwa a nan yanzu sai wajen takwas da rabi. Ta sauko a hankali ta bayan tsibirin Halki, teku ya koma ruwan zinare, sannan ya yi ja, sannan toka-toka. Da ta ɓace wasu har tafi suka yi. Mu kuwa muka sauko, muka shimfiɗa kwali a gefen mota muka yi magariba, muka buɗe kular shinkafa da kazar da muka dafo. Tuwon Sallarmu ke nan.

Akwai maganar da nake so ta isa kunnen Nura, kuma na fi so ta fito daga bakin Baba. Ya rubuto mini wai wani ya ce zai kai shi Turkiyya, daga can a tsallako da shi. Gaskiya ne daga nan ana hango duwatsun Turkiyya, kusan kilomita 18 ne tsakani. Kusancin nan ne yake ruɗin mutane. Tekun da kuke gani shuɗi a hotona ya ci mutane da yawa a kwale-kwalen roba, wanda ya tsira kuma sansanin 'yan gudun hijira ne yake jiransa, ba otal ba. Kada ya ba kowa ko sisi. Ya ƙarasa karatunsa, in na zo mu zauna mu duba hanyar da take da takarda.

Ina sa ran zuwa a watan Disamba in an rufe otal, in Allah Ya yarda. Zan taho wa Inna da man zaitun, da wani kantun riɗi da zuma da ake rabawa a bukukuwan aurensu, sunansa melekuni, mai laushi ne, haƙoran Hajiya Kaka ma za su iya. Ya labarin damina, an gama shuka? A gaya mini kuɗin taki bana kafin in yi aike na gaba. In Inna ta samu mai tahowa, yajin nan nata ya ƙare tun azumi.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, da Malam Liman, da duk wanda ya tambaye ni. Zan kira ranar Juma'a in na tashi daga aiki. Agogonmu yana gaban naku da awa biyu, don haka zai kama bayan isha'inku, a bar wayar Inna da caji.

Wassalam.

Ɗanku,
Sani